Katin girafik ɗina ya gaza, wanne zan saka wa tsohuwar kwamfutar nan?

Nazifi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kwamfutar da nake buga gem da ita tun 2017 aka haɗa ta, kuma daga lokacin zuwa yau SSD kaɗai na ƙara mata. Furosesa Core i5-7500 ne, kati GTX 1060 mai giga 6, RAM giga 8, monita kuma 1080p mai 60Hz. A da duk abin da na ɗora mata ɗauka take yi ba gardama. Yanzu kuwa a Cyberpunk 2077, ko na sauke saiti har ƙasa, da zarar na shiga tsakiyar gari da mota sai hoto ya fara in'ina, ya ɗan daskare sannan ya zabura. Abin da ya fi ci min rai shi ne Indiana Jones and the Great Circle, wanda ko buɗewa ya ƙi yi. Na jima ina tari, kuma abin da ke hannuna zai sayi kati matsakaici guda ɗaya da 'yan canji, amma ba zai haɗa sabuwar kwamfuta ba. Wanne zan ɗauka?

Sagir:
Wa alaikumus salam. RTX 5060 kawai, kar ka wahalar da kanka. Sabon fitowa ne, 2025, wutar da yake ci wat 145 ce, ga DLSS, fasahar Nvidia da ke zana ƙaramin hoto ta faɗaɗa shi don wasa ya ƙara gudu. Daga 1060 zuwa shi sai ka rantse wata kwamfutar aka kawo maka.

Mubarak:
Ni kuma na ce ka duba Intel Arc B580. Ƙwaƙwalwa giga 12 gare shi, 5060 kuma 8. A wannan ajin samun giga 12 ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Nazifi. Kafin a shiga kiran sunayen katuna, akwai abubuwan da nake so ka dubo mana, don wanda bai ga mara lafiya ba bai kamata ya rubuta magani ba.

Kashe na'urar, ka zare ta daga bango, ka buɗe murfin gefe. Akwatin wutar nan da ke kusurwa, wanda duk wayoyi ke fitowa daga cikinsa, akwai takarda manne a jikinsa. Ɗauko mana hotonta. Babban adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe bai dame ni ba, layin da aka rubuta +12V nake son gani, domin daga nan kati da furosesa ke shan wuta. Sannan ka ƙirga min RAM ɗin: sanda ɗaya ce mai giga 8, ko biyu masu huɗu-huɗu?

Bayan haka ka sauke MSI Afterburner, kyauta ne, ka kunna bayanan da yake nunawa a kusurwar allo. Shiga Cyberpunk, je daidai wurin da yake maka in'ina, ka rubuta firem, wato hoto, nawa kake samu a daƙiƙa, kati yana aiki kashi nawa, furosesa kashi nawa, RAM nawa ta cika. Sai ka sauke girman hoto zuwa 720p, ka koma wurin, ka sake rubutawa. Idan firem ya yi tsalle sama, kati ne ya gaza. Idan bai motsa ba, akwai wani abu a bayan katin da ke riƙe shi.

Maganar Indiana Jones kuwa ba ta buƙatar gwaji. Wasan an gina haskensa ne a kan fasahar bin sawun haske, kuma dole sai katin da ke da sassan yin wannan lissafi a jikinsa. GTX 1060 na 2016 ne, ba shi da su. A gidan Nvidia sai daga jerin RTX 20 na 2018 aka fara saka su, a gidan AMD kuma daga RX 6000. Haka Doom: The Dark Ages yake. Don haka babu saitin da za ka taɓa ya buɗe maka.

Nazifi:
Na gode Malam. In sha Allah da na tashi daga aiki zan yi duka.

Zainab:
Mubarak, B580 kati ne mai kyau, amma ba a wannan kwamfutar ba. Katunan Arc suna dogara sosai da wani abu da ake kira Resizable BAR, wato damar da furosesa ke samu ya leƙa ƙwaƙwalwar kati gaba ɗaya a lokaci guda, maimakon ya riƙa leƙawa ta 'yar taga mai mega 256. Intel da kansu sun ce a haɗa su da Core na ƙarni na 10 zuwa sama, ko Ryzen 3000 zuwa sama. Na Nazifi ƙarni na 7 ne. In aka saka shi haka, in'inar da yake gudu ita zai tarar, wataƙila ma fiye.

Mubarak:
Gaskiya ban lura da shekarun madabod ɗin ba, wato babban allon da duk sassan ke haɗe a kansa. Na janye, Anti.

Zainab:
Sagir, kai ma ina da magana a kan naka. RTX 5060 giga 8 ne, sannan layuka 8 yake amfani da su a ramin PCIe, inda ake soka kati a madabod, ba 16 ba. A sabuwar kwamfuta wannan ba ya damun kowa, don ramin PCIe 5.0 yana da faɗin gaske. Amma madabod ɗin Nazifi PCIe 3.0 ne. A can layuka 16 suna ɗaukar kusan giga 16 a daƙiƙa, layuka 8 kuwa kusan giga 8. Matuƙar wasa bai cika ƙwaƙwalwar katin ba, bambancin kaɗan ne. Ranar da ya cika ta, sai kati ya fara aro daga RAM ɗin kwamfuta, kuma duk abin da zai aro ta wannan ƙunƙuntar hanyar zai bi. A nan ne ake ganin hoto yana tsinkewa, ko bango da fuskokin mutane su fito a dame kamar an shafa musu ruwa, sai bayan daƙiƙa biyu su washe.

Ga ƙaramar ƙwaƙwalwa, ga rabin hanya, ga tsohon rami. Kowanne shi kaɗai da sauƙi. Haɗuwarsu wuri ɗaya ce nake tsoro.

Sagir:
Anti Zainab, 1080p fa yake bugawa. Mutum nawa ne ke buga wasa lafiya lau da giga 8 a 1080p? Ya sauke ingancin zanen jikin abubuwa mataki ɗaya, ya kunna DLSS, shi ke nan. Sannan 5060 yana ƙirƙirar ƙarin firem da kansa, abin da zai rufe raunin furosesan ma.

Zainab:
Na yarda mutane da yawa suna bugawa lafiya. Amma duba wasan da ya ambata da bakinsa. Mafi ƙarancin abin da Indiana Jones ke nema shi ne kati mai giga 8, irin RTX 2060 Super ko RX 6600. Wato giga 8 shi ne ƙofar shiga, ba tsakiyar ɗaki ba. Mutumin da ya riƙe kati ɗaya tun 2017 ba mai sauyawa duk shekara biyu ba ne. Yaya za a ce ya sayi abin da tun yau yake tsaye a bakin ƙofa?

Ƙirƙirar firem kuma, ita kanta tana cin ƙwaƙwalwar kati. Sannan hoto ne kawai take cusawa tsakanin hotuna biyu na gaskiya. Ido zai ga santsi, amma hannu ba zai ji shi ba, don wasan yana amsa danna maɓalli ne da saurinsa na asali. In asalin 35 ne, za ka juya linzami ka ji nauyin 35, ko da an rubuta maka 70 a kusurwa. Kuma monitansa 60Hz ne, duk abin da ya haura 60 ba zai nuna shi ba.

Sagir:
Na ji ta monita. Amma DLSS ya fi na AMD tsabta, wannan kowa ya sani, kuma wasannin da ke da shi sun fi yawa.

Zainab:
Yawan wasanni gaskiyarka ne. Tsabta kuwa, a tsofaffin FSR, wato na AMD ɗin, haka ne. FSR 4 da ya zo da jerin RX 9000 ya rage tazarar sosai. In Nvidia yake so, akwai RTX 5060 Ti mai giga 16, sai dai ya fi tsada kuma shi ma layuka 8 ne. RX 9060 XT mai giga 16 kuwa layuka 16 cif yake amfani da su, wutarsa wat 160. Ga tsohon madabod irin nasa, shi nake gani ya fi dacewa.

Nazifi:
Na dawo, ga sakamako.

RAM sanda ɗaya ce, giga 8, ɗayan ramin babu komai. Akwatin wuta an rubuta 500W da ja, babba, amma a layin +12V na ga 24A. Sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba, tare da akwatin kwamfutar ya zo. Fulogin kati ɗaya ne tak, mai fil 6. Kuma ƙura ta toshe fankarsa har ta zama kamar auduga.

Cyberpunk a 1080p, ƙaramin saiti: a wajen gari ina samun 45 zuwa 50, kati yana 99, furosesa yana wajen 80. A tsakiyar gari sai ya faɗo 30 da 'yan kai, wani lokaci ƙasa da haka, furosesa ya kafe a 100, kati kuma ya sauko 70. RAM tana nuna 7.6 cikin 8. Da na koma 720p, wajen gari ya haura 60, amma cikin gari kusan babu abin da ya sauya.

Malam Habu:
Madalla. Yanzu muna da abin magana a kai.

Ciwo biyu ne a jikin na'urarka. A wajen gari kati ne ya kai iyakarsa, shi ya sa da ka rage masa kaya ya ƙara gudu. A cikin gari kuwa katin zaune yake yana jiran furosesa. Mutane masu yawo a titi, motoci, abin da kowannensu zai yi a daƙiƙa mai zuwa, duk furosesa ke lissafa su kafin ya miƙa wa kati ya zana. Naka ƙwaya 4 ne, zare 4, wato aiki huɗu yake iya ɗauka a lokaci guda, kuma duk sun cika. Ko katin da ya fi kowanne tsada a duniya ka saka, a wannan titin ba zai zana abin da ba a miƙo masa ba. Tun gyaran 2.0 da aka yi wa wasan a 2023, mafi ƙarancin abin da suke nema shi ne i7-6700 ko Ryzen 5 1600, da RAM giga 12. Kai kana ƙasa da duka biyun.

RAM ɗin ita ce mai sauƙi. Sanda ɗaya hanya ɗaya take buɗewa, biyu kuma hanya biyu. Samo wata giga 8 DDR4 irin ta farko, ka samu giga 16 da ninkin faɗin hanya a lokaci guda. Ina kyautata zaton kaso mai tsoka na daskarewar nan daga nan yake, don in RAM ta cika sai Windows ta koma ajiya a SSD.

Akwatin wuta ne ya fi tayar min da hankali. Yi lissafin da kanka: 24 sau 12, wat 288 ke nan. Wannan shi ne abin da zai iya ba kati da furosesa, in ma takardar gaskiya ta faɗa, kuma a ranar da yake sabo. GTX 1060 wat 120 yake ci, furosesanka 65, shi ya sa kuka zauna lafiya duk shekarun nan. Ramin madabod yana ba kati wat 75, fulogi mai fil 6 ya ƙara 75, mai fil 8 kuma 150. Yawancin katunan da ake ambata a nan mai 8 suke nema, kai kuma ba ka da shi.

Kada wani ya ce ka sayi 'yar wayar da ke mayar da fulogin SATA ko mai 6 zuwa mai 8. Na taɓa karɓar wata kwamfuta da aka yi wa haka. Mai ita yaro ne ɗan makaranta, ya yi tari kamar yadda ka yi, ya saka kati mai cin wat ɗari biyu da wani abu a kan irin akwatin wutarka. Sati biyu tana aiki. Ran nan yana tsakiyar wasa ya ji ɗas, sai wari. Da na buɗe, robar fulogin ta narke ta manne da jikin katin, wayoyi biyu sun yi baƙi ƙirin, kuma wutar ba ta tafi ita kaɗai ba, ta tafi da madabod. Yana tsaye a kaina yana tambaya ko katin zai tashi. Bai tashi ba. Har yau in na ga irin wayar nan sai na tuna fuskarsa.

Saboda haka duk katin da za ka saya, fara cire kuɗin akwatin wuta na kirki, wat 550 zuwa 650, daga kamfanin da aka sani kuma mai garanti mai tsawo. Tambarin 80 Plus kaɗai kada ya ruɗe ka, yana nuna rashin ɓarnar wuta ne, ba ya nuna ingancin kayan ciki.

Nazifi:
Innalillahi. Wallahi Malam da yau na yi niyyar tambayar irin wayar. To in na cire na akwatin wuta da na RAM, abin da zai rage da ƙyar ya kai 9060 XT mai 16. Sai na ƙara jira kamar wata biyu.

Kabiru:
Ko kuma ka duba na hannu. RX 6700 XT giga 12 ne, layuka 16, kuma har yanzu a 1080p ba ya jin tsoron wasa. Aibinsa wuta, wat 230. RTX 3060 mai giga 12 ma yana nan, wat 170, shi ma layuka 16, sai dai ka kula akwai wani 3060 mai giga 8 da aka fitar daga baya, ya fi rauni, suna ɗaya suke amsawa. Da rarar kuɗin sai ka nemi i7-7700 na hannu, ya shiga ramin furosesanka kai tsaye, zare 8 maimakon 4.

Sagir:
Na hannu? Katunan 2021 ɗin nan ai su ne aka yi haƙar kirifto da su dare da rana. Da Ethereum ta daina haƙa a Satumban 2022 aka juye su kasuwa.

Kabiru:
An yi haka, ba musu. Amma ba kowane katin haƙa ne matacce ba. Da yawansu an rage musu wuta ne suna aiki a zafi ɗaya, abin da ya fi gajiya a jikinsu fanka ce da man sanyaya. Ni dokata ɗaya: ban biya sai na gani yana aiki. A saka shi a gabana, in buɗe GPU-Z in tabbatar sunan da girman ƙwaƙwalwar sun dace da abin da aka ce, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a ciki su fito a matsayin sababbi. Sannan a kunna wasa mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark na minti ashirin, ina kallon zafi, ina sauraren fanka, ina duba ko ɗige-ɗige masu launi za su fito a allo. In duba sukurorin baya ko an taɓa kwance shi, in shinshina ko akwai ƙauri. Mai kaya ya ce ba shi da lokacin gwaji, ni ma ba ni da kuɗin saye.

Malam Habu:
Gwajin Kabiru daidai ne, haka nake yi. A kan i7-7700 ne muka rabu. Shi ne ƙarshen abin da madabod ɗin zai ɗauka, don ƙarni na 8, duk da ramin sunansa ɗaya, LGA1151, sai da sabon madabod na jerin 300. Saboda shi ne ƙarshe, masu sayarwa ba sa sakin sa da araha. Kuma bayan ka saya, ƙwaya 4 ɗin dai ce. Doom: The Dark Ages ƙwaya 8 da zare 16 ya rubuta a mafi ƙaranci. Ga kuma Windows: Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma i5-7500 da i7-7700 duk ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Zuba kuɗi a wannan ramin bai kwanta min ba, sai in kyauta aka ba ka ko kusa da kyauta.

Ni ga yadda zan yi da a ce tawa ce. In ɗauki kati mai sauƙi, ko da RX 6600 ne, mai wat 132, wanda zai buɗe wasannin nan. Ragowar in haɗa in sayi Ryzen 5 5600 da madabod B550. RAM ɗinsa ta DDR4 za ta shiga, ya samu ƙwaya 6 da zare 12, da PCIe 4.0, da Windows 11. Na'ura ce da sassanta suka yi daidai da juna, babu mai jiran wani.

Zainab:
Malam, a nan zan saɓa maka, da girmamawa. Tsarinka zai fi daɗi a watan farko, ban musa ba. Amma ka duba inda zai tsinci kansa bayan shekara biyu: katin 2021 mai giga 8, wanda tun yanzu shi ne aka rubuta a layin mafi ƙaranci. Zai sake dawowa nan da tambayar da ya zo da ita yau, kuma kati shi ne kaya mafi tsada a cikin akwatin. In ya sayi mai 16 yanzu, zai ɗan sha wahalar furosesa na wasu watanni, sannan ranar da ya sauya madabod ya zare katin ya tafi da shi, da akwatin wutar, da RAM ɗin, babu abin da ya yi asara. Sau ɗaya zai sayi kowane abu.

Ni haka na yi. Shekara guda katina yana zaune a kan tsohon furosesa, ina ganin sa yana aiki kashi 60 a wasu wurare, abin yana min ciwo. Ranar da na sauya madabod, kati ɗaya, wasa ɗaya, sai ga shi ya miƙe.

Malam Habu:
Hujjarki mai ƙarfi ce, Malama Zainab, in har da gaske zai sauya madabod ɗin. Abin da na gani a wurin mutane da yawa shi ne, "wata shida" sai ta zama shekara uku. Rayuwa ta shigo, wata buƙatar ta taso, kati mai tsada yana zaune yana rabin aiki har ya tsufa a haka. Shi ya sa nake son mutum ya ji daɗin abin da ya biya tun yau. Amma wannan Nazifi ne ya san aljihunsa da halinsa, ba mu ba.

Mubarak:
Tambaya a gefe: ba zai iya haƙura da 1060 ɗin ba ya fara da madabod da furosesa, kati ya biyo baya?

Malam Habu:
Zai iya, kuma in'inar cikin gari za ta tafi. Sai dai wasan da ya fi so ba zai buɗe ba har sai kati ya zo. Sannan Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 10 direbobin sababbin wasanni tun Oktoban 2025, gyaran tsaro kawai ya rage, zuwa 2028. Katin ya yi aikinsa, shekara tara ana ba shi kulawa, amma duk wasan da zai fito nan gaba babu mai daidaita masa shi.

Nazifi:
Na karanta komai sau biyu. Malam, na fahimci tsoronka, kuma gaskiya ne ina da saurin ɗage abu. Amma abin da Anti Zainab ta faɗa na sayen kowane abu sau ɗaya ya fi zauna min, don tarin nan ya ba ni wuya, ba na son in maimaita shi a kan kati nan kusa. Zan fara da akwatin wuta da RAM a wannan satin, kati in ya cika. Akwai abin da zan kiyaye kafin ya iso?

Malam Habu:
To Allah ya sa albarka. Akwai, kuma ƙananan abubuwa ne da ke hana mutum barci a daren farko.

Sa ma'auni ka auna daga bayan akwatin kwamfutarka zuwa inda kejin faifai ya fara, ka gwada da tsawon katin da aka rubuta a shafin kamfanin. Tsofaffin akwatuna da yawa ba sa ɗaukar mai fanka uku. Mai fanka biyu ya ishe ka a wat 160.

Duba wayar monitanka. In DVI ce ko VGA, sababbin katuna HDMI da DisplayPort kawai gare su.

Mafi muhimmanci, danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ka nemi layin BIOS Mode. In ka ga UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, ka huta. In ka ga Legacy, wato tsohon tsarin, tsaya, don AMD ta ce jerin RX 9000 UEFI kaɗai suke tallafawa. Akwai wani ɗan aiki a cikin Windows mai suna MBR2GPT da ke sauya tsarin faifan ba tare da goge komai ba, sannan ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kashe CSM, wanda ke riƙe da tsohon tsarin. Ka yi wannan tun tsohon katin yana ciki, kuma ka kwafe muhimman fayilolinka tukuna.

Ranar sauyawa, tunda daga Nvidia za ka koma AMD, goge tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da manhajar DDU kafin ka kashe na'urar. Wajen zare tsohon katin kuma akwai 'yar maƙalar roba a ƙarshen ramin, danna ta kafin ka ja. Kada ka sa ƙarfi.

Kabiru:
Kuma kar ka yar da 1060 ɗin. Goge shi, ka saka a ledar sabon. Ranar da wani abu ya rikice, da shi za ka gane ko kati ne ko wani wurin.

Nazifi:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan sati bakwai.

Akwatin wuta mai wat 650 da RAM su na fara sakawa, kuma tun a nan na ga sauyi. Da tsohon katin ma, daskarewar nan ta ƙiftawar ido ta ragu sosai, RAM tana kai giga 11 a Cyberpunk, wato da can a shaƙe take. Na duba msinfo32, Legacy na gani, Malam. Na bi matakan da ka faɗa, ya koma UEFI lafiya. Monita ma DVI ce a jiki, amma akwai ramin HDMI a bayansa da ban taɓa amfani da shi ba.

Shekaranjiya 9060 XT mai 16 ya iso, mai fanka biyu, ya shiga da ragowar wuri kamar yatsa uku. Indiana Jones ya buɗe. Na daɗe a tsaye a wurin farko cikin daji ina kallon yadda rana ke ratsowa ta ganye tana sauka a kan duwatsu, ban ma taɓa maɓalli ba. A Cyberpunk na ɗaga saiti sama, wajen gari yana kafe a 60. Cikin gari kuwa yana yawo tsakanin 40 da 45, furosesa a 100, kati bai wuce kashi 55 ba. A Batikan ma, cikin Indiana Jones, inda mutane suka yi yawa, ina jin yana ɗan tsinkewa. Duk yadda kuka faɗa haka na tarar.

Zainab:
Alhamdulillah, na taya ka murna. Kafin madabod ya zo, rage yawan jama'a a saitin Cyberpunk zuwa ƙasa, wannan furosesa yake sauƙaƙa wa kai tsaye. Ingancin zane kuwa ka kai shi ƙarshe, kana da wurin. Kuma ka ɗaure firem a 45 ko 50 a wuraren cunkoso, tafiya a gudu ɗaya ta fi daɗin ido a kan hawa da sauka.

Sagir:
Barka, Nazifi. Sa mana hoton dajin nan mu gani.

Malam Habu:
Barka da arziki. Buɗe wani asusun daban tun yau ka sa masa suna madabod. In lokaci ya yi, ka lura da sunan da kyau: 5600 za ka nema, ba 5500 ko 5600G ba, don waɗannan biyun a PCIe 3.0 suka tsaya. Sannan turo min zafin katin bayan awa ɗaya kana wasa da murfin a rufe, ina so in ga ko fanka ɗayar da ke bayan akwatin nan tana fitar da iskar yadda ya kamata.

Nazifi:
To Malam. Yanzu zan kunna, zuwa anjima zan turo.